Wa'adin Tallafin Fitowar Ubuntu

Ubuntu babbar manhajar kwamfuta ce ta dangin Linux, wadda kamfanin Canonical ke fitarwa kyauta tun watan Oktoban 2004. Buɗaɗɗiya ce, wato kowa na da damar duba rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba. Kowace fitowarta na da wa'adin tallafi, ma'ana tsawon lokacin da kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da aiko mata da gyare-gyare, musamman na toshe kafofin da masu kutse ke bi. Cikar wa'adi ba ta kashe kwamfuta. Za ta kunnu ta yi aiki kamar yadda ta saba. Gyaran ne ke tsayawa, duk ɓarakar da aka gano daga ranar kuwa haka za ta zauna a buɗe.

Jadawalin fitowa

Sau biyu ake fitar da Ubuntu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma lambar kowace fitowa na nuna shekara da wata: 24.04 ta Afrilun 2024 ce, 24.10 kuma ta Oktoban wannan shekarar. Ta Afrilun kowace shekara mai lamba cika, irin su 2020 da 2022 da 2024, ita ce mai dogon zango, ana kuma maƙala mata haruffan LTS. Ukun da ke tsakani na wucin gadi ne, a cikinsu ake gwada sababbin abubuwa.

Ta farko mai dogon zango ita ce 6.06, wadda ta makara har zuwa Yunin 2006, shi ya sa lambarta ta fita daban. An ba ta tallafin shekara uku a kwamfutar tebur, biyar a sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, kamar ɗaukar shafukan intanet. Daga 12.04 aka mayar da su duka shekara biyar. Su kuwa na wucin gadi da wata 18 suka fara, sai aka rage zuwa wata tara daga 13.04, saboda kula da fitowa da yawa a lokaci guda na cinye lokacin injiniyoyi. Tunda sabuwa na zuwa duk wata shida, mai amfani da ta wucin gadi wata uku kacal gare shi ya yi ƙaura bayan ta gaba ta fito.

Wannan ragin ya haifar da wani abu mai ɗaure kai a Afrilun 2014, lokacin da aka bankaɗo ɓarakar Heartbleed a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL. Fitowar 12.10 ta samu gyara domin tana cikin watanninta 18. Ƙanwarta 13.04, wadda ta zo bayanta da wata shida, ba ta samu ba, don wa'adinta ya riga ya cika tun Janairu.

Abin da shekara biyar ɗin ta ƙunsa

Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ma'ajiyar manhajojin Ubuntu kashi-kashi ce. Akwai sashen main, mai ɗauke da manhajoji kamar 2,300, wanda Canonical ke kula da shi da kansa, kuma a kansa ne alkawarin shekara biyar ya tsaya. Akwai sashen universe, mai fiye da 23,000, wanda a asali 'yan sa-kai ke kula da shi gwargwadon hali. Saboda haka mutum na iya zama a kan fitowar da wa'adinta bai cika ba, alhali wata manhajar da ya ɗauko daga universe ta daɗe ba a taɓa ta ba. Rassan Ubuntu masu wata fuskar daban, kamar Kubuntu da Xubuntu da Lubuntu, galibi shekara uku suke bayarwa.

Haka kuma tallafi ba ya nufin a riƙa kawo sabon samfuri. Abin da injiniyoyi ke yi shi ne su ciro gyaran kaɗai daga sabuwar manhaja su ɗora a kan tsohuwa, kamar mai faci da ke liƙe huda ya bar tayar yadda take. Amfanin hakan shi ne abin da ke aiki yau ba zai rikice gobe ba, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa bankuna da masu riƙe da shafukan intanet ke manne wa LTS. Akwai 'yan togaciya. Manhajar shiga intanet irin Firefox ana sabunta ta ɗungurungum, sannan ana fitar da ƙananan sabuntawa irin 22.04.1 da 22.04.2, waɗanda na baya-bayansu ke zuwa da sabuwar zuciyar Linux, wato sashen da ke sarrafa kayan aikin kwamfutar kai tsaye, don su iya tafiyar da kwamfutocin da aka ƙera daga baya.

Ƙarin wa'adi

Da wa'adin 12.04 ya cika a 2017, Canonical ya fara sayar da ƙarin lokacin gyaran tsaro ga waɗanda ba su shirya ƙaura ba. Tsarin yanzu yana ƙarƙashin rajistar Ubuntu Pro, wadda ke kai wa'adin LTS shekara goma, ta kuma haɗa da sashen universe. Kyauta ce ga mai amfanin kansa har kwamfuta biyar. Kamfanoni biya suke yi. A 2024 an ƙaro wani mataki na kuɗi da ya kai jimillar shekara 12, farawa daga 14.04, sannan a ƙarshen 2025 aka tsawaita shi zuwa 15. Masu suka na cewa an ajiye gyaran tsaro a bayan shingen rajista. Amsar kamfanin ita ce universe dama can ba ya cikin alkawarin kyauta, kuma a wannan gaɓar maganarsa na kan hanya, ko da yake saƙonnin tallan Pro da ke leƙowa yayin sabuntawa sun ɓata wa jama'a rai.

Bayan cikar wa'adi

Alamar farko da aka fi gani ita ce mutum ya ba da umarnin apt update, wanda ake neman sabbin gyare-gyare da shi, sai allo ya cika da kuskure mai lamba 404. Dalili shi ne an kwashe manhajojin wannan fitowar daga ma'ajiyar yau da kullum an mayar da su rumbun tsofaffi, old-releases. Ƙaura kuma ba a yi mata tsallake: daga LTS sai LTS mai bi mata, don haka mai 18.04 da ke son 24.04 sai ya bi ta 20.04 da 22.04, ko ya goge ya ɗora sabuwa. Ba a kuma tayin ƙaura zuwa sabuwar LTS sai ƙaramar sabuntawarta ta farko ta fito, yawanci wajen Agusta.

Sauran dangi

Debian, wadda daga gare ta Ubuntu ta samo asali, na ba da kimanin shekara uku, sannan wata tawaga daban ta cika su biyar. Fedora wata 13 take bayarwa, Red Hat Enterprise Linux shekara goma. Wa'adi dai alkawarin kamfani ne ko na ƙungiya, yana kuma iya canjawa. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wata manhajar Linux ta kyauta da aka gina daga Red Hat, wadda aka sa ran za ta kai 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Masu sabar da suka riga suka gina ayyukansu a kanta sai neman mafita, daga nan ne aka kafa Rocky Linux da AlmaLinux don su maye gurbinta.