Waiwaye: Daga Alli da Allo zuwa Jarrabawar da Kwamfuta Ta Ci

A shekarar 1948 masanin tattalin arziki na Amurka Paul Samuelson ya fitar da littafinsa na koyar da tattalin arziki, kuma a kan turbarsa jami'o'i suka daɗe suna tafiya: malami ya ja layin buƙata da na samuwar kaya a allo, ya nuna mahaɗarsu, ya ce ga farashi. Masu bincike a fagen koyar da tattalin arziki ba su cika taɓa abin da ke cikin darasin ba. Damuwarsu ita ce ko ɗalibi ya gane. Don haka aka ƙirƙiro jarrabawar TUCE a Amurka, mai auna fahimtar ɗaliban jami'a a kan tattalin arziki, a 1969 kuma mujallar Journal of Economic Education, mai nazarin koyar da tattalin arziki, ta fara fitowa. Tun daga 1995 masu bincike William Becker da Michael Watts suka yi ta tambayar malamai yadda suke koyarwa, amsar kuma ba ta cika sauyawa ba: alli da lacca ne ke cinye lokacin aji.

Rikicin kuɗi na 2008 ne ya tayar da ƙura. Sarauniya Elizabeth da kanta ta tambayi masana a Landan yadda aka yi babu wanda ya hango shi. Ɗalibai suka ɗauki tambayar da zafi, kuma da gaskiyarsu, domin an ba su lissafi mai kyau wanda bai ce uffan ba a kan durƙushewar bankuna. A 2011 wasu suka fice daga ajin tattalin arziki na Farfesa Gregory Mankiw a jami'ar Harvard. A Manchester suka kafa ƙungiyar neman gyaran manhaja. A 2013 masaniyar tattalin arziki Wendy Carlin ta jagoranci shirin CORE na sabunta manhaja, wanda littafinsa na kyauta a intanet ya fara da rashin daidaiton arziki da tarihin jari-hujja, ya kuma shigo da sauyin yanayi cikin darasi. A ganina nan ne fagen ya yi babban motsi, domin tambaya ta tashi daga "yaya za a koyar" ta koma "me ya kamata a koyar".

Annobar korona ta tura azuzuwa intanet a 2020. Sai kuma wani bincike na 2023 ya nuna ChatGPT, manhajar kwamfuta mai amsa tambayoyi, ya zarce galibin ɗalibai a jarrabawar TUCE. Yanzu aikin da ke gaban masu bincike shi ne neman ma'aunin da zai nuna ko ɗalibi zai iya ɗaukar alƙaluma na gaske, ya yi hukunci a kansu, ya kare shi da bakinsa a gaban malami.