Casper, Wyoming

Casper birni ne da ke tsakiyar jihar Wyoming a yammacin Amurka, kuma shi ne hedikwatar gundumar Natrona. Yana bakin kogin North Platte, a gindin wani dutse mai suna iri ɗaya da garin. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 59,038 a cikinsa, don haka shi ne na biyu a jihar, bayan Cheyenne. Ana yi masa laƙabi da Birnin Mai, domin arzikinsa ya daɗe yana hawa da sauka tare da farashin man fetur.

Mashigi da sansanin soja

Tun kafin a kafa gari, wurin mashigi ne na ayarin Turawa masu ƙaura zuwa Oregon, Kalifoniya da Utah. A 1847 mabiya ɗariƙar Mormon suka sa kwale-kwalen fito a kogin, sannan wajen 1859 wani ɗan kasuwa, Louis Guinard, ya gina gadar katako yana karɓar kuɗin ƙetarewa. Sojoji suka yi sansani a gefen gadar. A watan Yuli na 1865 mayaƙan ƙabilun Cheyenne da Lakota, 'yan asalin yankin, waɗanda hanyar ta ratsa ƙasar farautarsu, suka kai hari, aka kashe Laftanar Caspar Collins. Sunansa aka raɗa wa sansanin, wanda aka bari a 1867.

Garin kansa ya samu ne a 1888 da isowar layin dogo. Shanu da tumaki ne jarinsa na farko, kuma ulu ake lodawa a tashar jirgin kafin a fara loda mai.

Zamanin mai

An haƙa rijiyoyin farko a filin Salt Creek, kimanin kilomita 65 arewa da gari, wajen 1889. Babu bututu a lokacin, sai dai a ɗora gangunan ɗanyen mai a kan kekunan dawaki, a yi kwanaki ana jan su cikin ƙura ko taɓo har zuwa ƙaramar matatar da aka buɗe a 1895, wadda ta fi sarrafa man shafa wa injinan jirgin ƙasa. Al'amari ya sauya bayan 1908, lokacin da wata rijiya ta yi ambaliya. Aka shimfiɗa bututu, kamfanonin Midwest da Standard Oil na Indiana suka gina manyan matatu, jama'a kuwa suka tashi daga 2,639 a 1910 zuwa 11,447 a 1920. A farkon shekarun 1920 ana lissafa matatar Standard cikin mafi girma a duniya wajen tace fetur.

Kusa da Salt Creek ne filin Teapot Dome yake, wanda gwamnati ta keɓe domin jiragen ruwan yaƙi. A 1922 Sakataren Harkokin Cikin Gida, Albert Fall, ya ba da hayarsa a asirce ga ɗan kasuwar mai Harry Sinclair ba tare da gasar neman kwangila ba. Kotun Ƙoli ta soke hayar a 1927, kuma a 1929 aka samu Fall da laifin cin hanci a kan wata haya makamanciyarta a Kalifoniya. Shi ne minista na farko a Amurka da aka ɗaure saboda abin da ya aikata a kan kujera. Sinclair bai sha hukunci a kan cin hancin ba, sai a kan raina majalisa da kotu.

Faɗuwa

Bayan bunƙasar shekarun 1970, da mai da yuraniyom suka yi daraja, kasuwa ta karye. Matatar Texaco ta rufe a 1982, ta Amoco (tsohuwar matatar Standard) a 1991, kuma yawan jama'a ya ragu daga kusan 51,000 a 1980 zuwa ƙasa da 47,000 a 1990. Iyalai da dama sun sayar da gidajensu da asara sun bar gari. An share gurɓataccen filin Amoco, yanzu filin wasan golf ne da ofisoshi.

Tattalin arzikin yau

Matatar Sinclair da ke Evansville, gabas da birnin, tana aiki har yanzu, tare da kamfanonin da ke yi wa rijiyoyin mai da gas hidima. Asibitoci, ciniki da Kwalejin Casper, wadda aka kafa a 1945, su ma suna ɗaukar ma'aikata masu yawa.