Mene ne OAG a wurin masu ɗaukar hoton taurari?

OAG, wato off-axis guider a Turance, ɗan kayan aiki ne da ke taimaka wa madubin hangen nesa ya bi taurari daidai lokacin ɗaukar hoto. Wanda ya ɗora kyamara a bayan madubin hangen nesa don ɗaukar hoton gungun taurari, matsalarsa ta farko ita ce duniya ba ta tsayawa. Sama tana gocewa digiri 15 a kowace awa, ga hasken taurarin nan ya yi rauni, sai an bar idon kyamara a buɗe minti biyu zuwa biyar. Akwai mazauni mai inji da ke juya madubin yana bin taurari, amma haƙoran giyarsa ba sa rasa 'yar tangarɗa, sai tauraro ya fito kamar ƙwayar shinkafa maimakon ɗigo.

Maganin shi ne a sa wata ƙaramar kyamara ta zuba wa tauraro guda ido. Da ya motsa, manhaja irin PHD2, wadda kyauta ce, sai ta gyara wa mazaunin tafiya, duk bayan daƙiƙa biyu ko uku.

Hanyar da aka fi sani ita ce a ɗaura ƙaramin madubi na biyu a kan babban. Sai dai ƙarfe yana ɗan lanƙwasa idan madubin ya karkata, kuma a madubai irin Celestron C8, mai tsawon haske milimita 2032, wato mai kusanto da abu sosai, gilashin ciki kansa yana ɗan zamewa. Ƙaramin madubin bai san da wannan ba, yana ganin komai daidai alhali hoton ya ɓaci.

A nan OAG ya shigo. Ɗan zobe ne da ake sakawa tsakanin madubi da babbar kyamara, a cikinsa akwai ɗan guntun gilashi mai kusurwa da ke tsaye a gefen hanyar haske, inda ba ya tare hoton. Yana gutsurar hasken gefe ya juya shi zuwa ƙaramar kyamarar. Kyamarori biyun suna kallo ta ido ɗaya, duk abin da ya goce wa ɗaya ya goce wa ɗayar.

Wahalarsa ita ce taga ce ƙarama, wani lokaci sai ka yi ta juya zoben kafin ka sami tauraro mai haske, kuma daidaita kaifin kyamarori biyun a tare yakan cinye dare guda.

A ganina, Kaza da 'Ya'yanta ba ta buƙatar wannan ɗawainiya, tana da faɗi, ƙaramin madubi ya isa. Gungu irin M13, wanda masanin taurari Edmond Halley ya gano a 1714, shi ne ke neman OAG: taurari dubu ɗaruruwa a cunkushe a fili da bai kai faɗin wata ba, gocewa kaɗan sai tsakiyarsa ta zama dunƙulen haske.