Waiwaye: Yadda kuɗin shara ya shiga tsakanin baƙo da mai masauki

A da, falken da ya sauka Maigatari don kasuwar Alhamis, ko Wudil don ta Juma'a, ba a yanka masa kuɗin ɗaki. Gidan fatoma yake sauka, a ba shi tabarma da buta, a kawo masa tuwo da dare. Fatoma kuwa la'adar cinikin yake jira, daga nan yake fanshe wahalarsa. Shara da wanke-wanke suna wuyan matan gida da yara, kuma ba wanda ya taɓa yi wa aikin nasu farashi. Shi ya sa har yau kalmar "kuɗin shara" take yi wa mutanenmu nauyi a kunne. Ai baƙo ba ya biyan tsintsiya.

Tsarin cajin daga waje ya zo. Kamfanin Airbnb, mai manhajar da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar gida ko ɗaki na 'yan kwanaki, wanda aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 2008, ya bar wa masu gidaje damar ɗora kuɗin tsaftacewa daban da na kwana, ana biyansa sau ɗaya komai tsawon zaman. A nan matsalar farko take. A ɗauka ɗaki naira 10,000 ne a kwana, shara kuma 6,000. Mai kwana shida zai biya 66,000, wato 11,000 kowane dare. Mai kwana ɗaya kuwa 16,000 zai ajiye. Wasu masu gidajen suka gane cewa in suka rage kuɗin kwana suka tura ragowar cikin na shara, gidansu zai fito da araha a jerin bincike, sai mutum ya zo biya ya ga lissafi ya kumbura.

A 2018 Tarayyar Turai ta matsa wa kamfanin ya riƙa nuna jimillar farashi tun farko. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa wutar fetur, don an tsaurara ƙa'idojin tsafta, aikin ya ƙaru, cajin ma ya bi shi. Abin da ya fi ƙona wa baƙi rai shi ne a karɓi kuɗinsu kuma a bar musu takardar aiki: cire zanin gado, sa wanki, share falo kafin ka fita. A Nuwamban 2022 shugaban kamfanin, Brian Chesky, ya amsa cewa irin waɗannan ayyuka sun wuce hankali, aka kuma kawo maɓallin ganin jimillar kuɗi. A 2025 nuna jimillar ya zama tsarin kowa da kowa, kuma a watan Mayu na shekarar wata dokar tarayyar Amurka ta fara aiki, wadda ta hana ɓoye irin wannan caji a masaukan 'yan kwanaki.

A Najeriya harkar hayar gidaje ta 'yan kwanaki ta fi ƙarfi a Legas da Abuja, inda aka ƙara da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Daga can salon ya gangaro ƙananan garuruwan Kano da Jigawa, ba ta manhaja ba, ta bakin dillali da WhatsApp. Masu sauka su ne 'yan biki, ɗaliban da aka tura jarrabawar JAMB garin da ba su da kowa, 'yan kwangila, da masu sayen shinkafa a Kura ko Hadeja lokacin kaka.

Gaskiya mai gida yana kashe kuɗi. Juya ɗaki ɗaya bayan baƙo ya tafi yana cin wankin zanin gado da rigunan filo da tawul, omo, ruwan Hypo ko Izal na banɗaki, jarka biyu ko uku masu lita 25 daga hannun mai garuwa, da ladan wadda za ta yi aikin. Da damina wanki ba ya bushewa a wuni guda, in aka naɗe shi da danshi sai ya yi warin ruma, don haka dole a tanadi zannuwa kashi biyu. Da hunturu kuma ɗakin da aka goge ranar Litinin, in baƙo ya iso Alhamis, zai shafa yatsa a kan tebur ya rantse ba a taɓa shi ba. In an tashi share ɗaki, a yi shi ranar da baƙon zai iso.

Amma mafi yawan rigimar ba a kan wannan take ba. Ana cakuɗa datti da ɓarna ne. Ƙura, kwanukan da aka ci abinci, sawun takalmi, duk datti ne, kuma su aka biya wa. Lallen amarya da ya zuba a farin zani ba ya fita. Garwashin kaskon turare da ya faɗo ya huda ledar ɗaki, katifar soso da yaro ya jiƙa wadda sai ta sha rana kwana biyu ko uku ɗakin yana zaune ba haya, masai da aka toshe da famfas, waɗannan ɓarna ce. Sai ka ji baƙo yana cewa, "Alhaji, ai na biya kuɗin shara," mai gida ya ce, "Malam, shara ka biya, ba sabuwar katifa ba." Kowa da gaskiyarsa, don ba a raba kuɗin biyu tun ranar shiga ba. Wani lokacin ma laifin na mai wankin ne: ta zuba Hypo a zani mai launi ya yi dabbare-dabbare, a ɗora wa wanda ya tafi.

In magana ta kai gaban mai unguwa ko limami, hukuncin fiƙihun haya sananne ne. Dole ladan ya zama an san adadinsa kafin a ƙulla, kuma ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko sakaci. Cajin da aka fito da shi da safiyar tafiya, jaka tana bakin ƙofa, da wuya ya tsaya a irin wannan zama. Masu gidajen da suka gaji da cacar baki yanzu suna faɗin farashi ɗaya da sharar a ciki, su rubuta kuɗin ajiya daban, su zaga ɗakin tare da baƙo ana ɗaukar bidiyo da waya, a ɗaga zani a nuna katifa gaba da baya, a zuba ruwa bokiti guda a masai a ga ya wuce, sannan a miƙa makulli.