Gwamnatin Dijital

Gwamnatin dijital na nufin amfani da kwamfuta da intanet da wayar hannu wajen gudanar da ayyukan hukuma, kamar karɓar haraji, biyan albashi, ba da kwangila, rajistar haihuwa da fitar da fasfo. Akan kasa ta gida uku: hulɗar hukuma da 'yan ƙasa, hulɗarta da 'yan kasuwa, sai hulɗar ma'aikatu a junansu. Ta ukun ba ta fitowa fili, amma idan ta lalace sauran biyun ba sa tafiya.

Asali

Hukumomi sun daɗe suna neman na'urar da za ta rage musu lissafi. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi aiki da na'urar Herman Hollerith mai karanta katuna masu huji, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗe suka zama IBM daga baya. Manyan kwamfutoci sun shiga ofisoshin haraji da fansho a shekarun 1950 da 1960, sai dai suna can ƙuryar ofis, mai neman takarda kuwa yana nan a layi. Sai a tsakiyar shekarun 1990 intanet ta fara kai hukuma har gidan mutum.

Kafin nan an yi wani sauyi a salon shugabanci. Daga shekarun 1980 Birtaniya da New Zealand suka riƙa tafiyar da ma'aikatu kamar kamfanoni, suna rarraba su zuwa ƙananan hukumomi, suna miƙa ayyuka ga 'yan kwangila. Kowace hukuma ta sayi manhajarta, ta gina rumbun bayananta, babu mai jin yaren wata. Yawancin wahalar da ake sha yau ta haɗa bayanan gwamnati gadon wancan zamani ce.

Estoniya da Indiya

Estoniya, mai mutane kimanin miliyan 1.3, ita ake yawan kafa misali da ita. A 2001 ta ƙaddamar da X-Road, tsarin da ke barin kowace ma'aikata ta riƙe bayananta amma ta yi musayarsu da sauran ta amintacciyar hanya. A 2002 aka fara raba katin shaida mai ɗauke da sa hannu na dijital, a 2005 kuma aka kaɗa ƙuri'a ta intanet a zaɓen ƙananan hukumomi. Abin da ya fi na'urorin muhimmanci shi ne ƙa'idar da aka ɗora su a kai: kada hukuma ta sake tambayar mutum bayanin da ya riga ya ba wata ma'aikata. Haka kuma ɗan ƙasa na iya duba wanda ya leƙa bayanansa. Harin intanet da aka kai wa ƙasar a 2007 ya nuna cewa dogaro da na'ura na da nasa haɗarin, daga baya ma ta ajiye kwafin muhimman bayananta a Luxembourg.

Indiya ta ɗauki wata hanyar. Shirin Aadhaar, da ya fitar da lambarsa ta farko a 2010, yana ba kowane mazaunin ƙasar lamba mai alƙaluma 12 haɗe da zanen yatsu da hoton ƙwayar ido, kuma ya yi wa mutane sama da biliyan ɗaya rajista. Ya sauƙaƙa buɗe asusun banki da tura tallafi kai tsaye. Amma leburan da aiki ya cinye zanen yatsunsa kan sha wuya kafin na'ura ta gane shi. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da halaccin shirin, ta kuma taƙaita amfanin da kamfanoni masu zaman kansu za su yi da shi.

Inda aka yi tuntuɓe

Manyan kwangilolin manhaja sun fi komai jawo asara. Birtaniya ta fara shirin haɗa bayanan marasa lafiya na Ingila a 2002, ta rushe shi a 2011 bayan ya laƙume biliyoyin fam. Shafin inshorar lafiya na Amurka, HealthCare.gov, ya durƙushe ranar da aka buɗe shi a watan Oktoban 2013. Ba ƙarancin fasaha ba ne ya kayar da su. An tsara komai a takarda tun farko, an raba aikin ga 'yan kwangila da dama, kuma ba a gwada shi da masu amfani da shi yadda ya kamata ba. Daga irin wannan darasi aka koma gina abu kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana gyarawa, salon da aka bi wajen gina shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, na 2012.

Mafi muni shi ne inda aka gaskata na'ura aka ƙaryata mutum. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta masu kula da rassan gidan waya sama da 900 a Birtaniya bisa zargin sata ko almundahana, alhali kurakuran Horizon, manhajar lissafin kuɗi ta gidan wayar, ne ke nuna giɓin kuɗi. A Holan, hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zamba a kuɗin tallafin renon yara, tsarin tantancewarta kuwa yana ɗaukar mallakar shaidar ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari. Gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus kan batun a watan Janairun 2021.

Awo

Majalisar Ɗinkin Duniya na fitar da rahoto kan gwamnatin dijital duk bayan shekara biyu, inda take jera ƙasashe bisa abubuwa uku: ayyukan da ake samu ta intanet, ƙarfin hanyoyin sadarwa, da ilimin jama'a. Denmark ce ta zo ta ɗaya a 2018, 2020, 2022 da 2024. Ma'aunin ya fi duba abin da hukuma ta ɗora a shafinta, bai cika nuna ko tsohon da ba ya karatu, ko wanda ba shi da waya, ya iya kammala buƙatarsa ba.