Allurar PRP don zubewar gashi: tambayoyi kan illa da haɗari

Me ake ɗurawa a fatar kan?

Jinin mutum ne da kansa. Ana ɗibarsa daga hannu kamar na gwaji, a zuba a kwalba, a sa a na'ura mai juyawa da sauri na 'yan mintoci. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama. A cikin wannan ruwa ake tattara filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji ciwo, waɗanda kuma ke ɗauke da sinadaran gyaran nama. Wannan ruwa shi ake kira PRP, kuma shi ake zuƙa a sirinji a bi wurin da gashi ya yi ƙaranci ana tsirawa. Yawanci sau uku ake yi, wata-wata, daga nan a riƙa maimaitawa bayan wata huɗu zuwa shida.

Tunda jinina ne, ai babu haɗari ke nan?

Wannan ita ce maganar da masu talla suka fi so, kuma rabinta gaskiya ce. Jiki ba ya ƙin jininsa, don haka da wuya a samu borin jini daga ruwan kansa, ko da yake maganin kashe zafi da ake shafawa ko sinadarin hana daskarewa da ke cikin kwalbar na iya tayar wa wasu. Amma jinin nan ya fita daga jiki, ya ratsa allura da kwalba da na'ura da hannun ma'aikaci kafin ya dawo. A wannan tsakanin ne matsala take shiga.

A 2018 hukumomin jihar New Mexico ta Amurka suka rufe wani shagon gyaran jiki a birnin Albuquerque, inda ake yi wa mata PRP a fuska. An tarar da kwalaben jini babu suna a cikin firji tare da abinci, ga alamun ana sake amfani da kayan da ya kamata a yar. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton da ya danganta kamuwar mata uku da cutar HIV da wannan shago. Mai shagon ba ta da lasisin aikin likita, kuma an ɗaure ta. A fuska aka yi, ba a kai ba, amma hanyar sarrafa jinin ɗaya ce. A ƙasashenmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kwalba guda da aka musanya ta isa.

To idan an yi shi da tsafta, me mutum zai ji?

Zafi, da farko. Fatar kai tana da jijiyoyi da yawa, kuma tsirar ba ɗaya ba ce ba biyu ba. Bayan nan akwai kumburi, ɗan jini a bakin huda, ƙaiƙayi, ciwon kai, da jin kamar an ɗaure kan. Wani lokaci kumburin kan gangaro goshi washegari. Duk waɗannan kan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wasu kan ga gashi ya ƙara zuba a makonnin farko kafin ya tsaya. Wanda ya saba jiri idan an ɗebi jininsa ya faɗa tun kafin a fara. Zazzaɓi, ruwan mugunya, ko zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa kuwa ba na jira ba ne, a koma asibiti.

Su wa ya kamata su dakata?

Mai ƙarancin filatilet (adadin lafiya yana tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini), mai cutar da ke hana jini tsayawa, mai sankarar jini, mai ƙarancin jini sosai, da mai ƙuraje ko makero a kai har sai sun warke. Mai ciki ta bari sai bayan haihuwa. Mai sikila ya fara jin ta bakin likitan da ke duba jininsa. Wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu, abin da ya fi yawa a baƙar fata, ya nuna wa likita tukuna, musamman masu ƙurajen ƙeya bayan aski.

Magunguna ma da magana. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna raunana aikin filatilet, warfarin kuma yana ƙara zubar jini. Sai dai wanda aka rubuta wa ɗaya daga cikinsu saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kada ya daina don gashi. Ba cinikin da ya dace ba ne.

Hukumomi sun amince da shi?

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da minoxidil a 1988 da finasteride a 1997 don sanƙon gado. Ba ta amince da PRP a matsayin maganin gashi ba. Wasu na'urorin tace jinin ne suka samu izini, shi ma yawanci don aikin ƙashi. Bincike da dama ya nuna gashi kan ƙara kauri a wasu masu sanƙon gado da bai yi nisa ba, amma yawancinsa a kan mutane kaɗan aka yi, kuma kowane asibiti da yadda yake haɗa nasa.

Akwai illar da ba a cika faɗa ba?

Ɓata lokaci. Ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Mace da goshinta ya ja baya saboda kitso mai tsauri, abin da take buƙata na farko shi ne a sassauta kitson. Mai jego gashinta kan dawo da kansa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe da ciwon maƙoƙo gwajin jini ke gano su. Akwai kuma wadda ke farawa daga tsakar kai tana cin saiwar gashi tana barin tabo, ta fi kama mata baƙar fata, kuma duk watan da aka yi ana allura ba a kashe kumburin da ke cin saiwar ba, saiwar da ta mutu ba ta dawowa.

Me zan duba kafin in yarda?

Likitan fata ya duba kan ya faɗi sunan matsalar. A buɗe allura da kwalba sababbi a gabanka, a rubuta sunanka a jikin kwalbar, a juya jininka shi kaɗai a na'urar. Ka tambayi ko za a gauraya wani abu a ciki, da sunansa. Idan aka fita da jinin zuwa wani ɗaki aka dawo da sirinjin da ba ka ga yadda aka cika shi ba, kana da damar cewa a tsaya.