Hoton ango da amarya kafin biki: yadda ake ɗauka da yadda ake yankewa kafin a kai wanki

Da an sa rana, hoton kafin biki na cikin abin da ake fara tanadi a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri, domin shi za a ɗora a kan kalanda, jota, agogon bango da katin gayyata. Yawancin ɓacin ran da ake samu a wajen wanki yake fitowa: hoto ya yi kyau a waya, a kati kuma an sare hular ango ko an cinye hannun amarya. Ga tambayoyin da masu hoto da masu biki suka fi yi.

Me ya sa mai wanki yake yanke min hoto alhali ban ce ya yanke ba?

Dole ce ta sa shi, domin siffar hoton kyamara daban take da ta kati. Babbar kyamara tana fitar da hoto mai awon 2 bisa 3, wato idan faɗinsa biyu ne, tsawonsa uku ne. Katin inci 4 da 6, da na 8 da 12, da na 20 da 30, duk awon nan ne da su, hoton zai zauna a kansu cif. Katin 8 da 10 kuwa, wanda aka fi sa wa firam a falo, awonsa 4 bisa 5 ne, ya fi gajarta. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Kafin hoton ya shiga 8 da 10 sai an rage tsawon zuwa 5000. Fiksel 1000 sun tafi ke nan, kashi ɗaya cikin shida na hoton. A katin 5 da 7 asarar ba ta kai haka ba, 400 ne kawai.

Hoton waya kuma awonsa 3 bisa 4 ne, shi ya sa a katin 4 da 6 gefe da gefe ake ci masa, kusan kashi ɗaya cikin tara na faɗin. Idan ba kai ka zaɓi inda za a yanke ba, injin zai raba asarar daidai tsakanin sama da ƙasa, ba ruwansa da ko akwai kan mutum a wurin.

To ta yaya zan kauce wa wannan tun wajen ɗauka?

Ka ja baya taku ɗaya ko biyu. Sabon mai hoto yana son ya cika gilashi taf da mutane domin hoton ya burge a bayan kyamara, kuma nan ne ake shiga rami. Idan hoton a tsaye ne, bar fili a saman kai da ƙasan ƙafa wanda in an haɗa su zai kai kashi ɗaya cikin biyar na tsawon. A gefe bar kamar tafin hannu daga kafaɗa zuwa bakin hoto. Wasu kyamarori suna da layukan da ke nuna awon 4 bisa 5 a allo, a kunna su. Wadda ba ta da su, a liƙa siririn tef a sama da ƙasan allon.

Kafin ka ɗaga kyamara ma, tambayi masu bikin abin da za a yi da hoton. Agogon bango da faranti zagaye ne, kusurwoyi huɗu duk za su tafi, saboda haka fuskokin biyu su matso tsakiya. Jota a tsaye take, kuma ana huda gefenta ko samanta. Kalanda tana son fili a ƙasa ko a gefe domin kwanakin wata da sunaye. Kofi yana son hoto a kwance. Kowace tsayuwa ka ɗauke ta sau biyu, a tsaye da a kwance, ka huta da ciwon kai daga baya.

A ina ya kamata a yanke jikin mutum, a ina bai kamata ba?

Kada bakin hoto ya faɗa a kan gaɓa: wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Ido yana ganin hakan kamar an guntule mutum. A yanke a tsakanin gaɓoɓi, misali a tsakiyar cinya, ko ƙasan ƙirji, ko tsakiyar dantse. In za a nuna ƙafa a nuna ta gaba ɗaya har da takalmi da ɗan ƙasan da aka taka. Hoton da aka datse a yatsun ƙafa ya fi kowanne muni, gara a hau har cinya.

Kayanmu suna da nasu sharaɗin, wanda darussan hoto na Turawa ba su san da shi ba. Su a wajensu ba laifi ne a ɗan shafe saman gashi a hoton kusa. A nan hula zanna bukar ko damanga rabin adon ango ce, kuma amarya ta biya kuɗi an zauna an ɗaura mata gwaggwaro, wani yana tashi kusan taƙi guda sama da goshi. Ka sare shi ka sare abin da aka zo nunawa. Awon filin sama daga ƙololuwar ɗauri ake fara shi. Babbar riga idan an baza ta tana ninka faɗin mutum, saboda haka ko dai ango ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ko a koma hoton kwance. Aikin wuyan rigar ya fito cikakke. Lalle ma haka: hannun da aka yi wa zane kada ya tsaya a bakin hoto, a ɗora shi a kan jaka ko a riƙe bakin mayafi da shi wajen ƙirji, inda ba wuƙar da za ta kai.

Idanu su faɗo wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama. Idan suna kallon gefe guda, a bar fili ya fi yawa ta inda suke kallo.

Wane lokaci ya fi dacewa a fita?

Da safe kafin ƙarfe tara, ko bayan la'asar sakaliya. A Birnin Kebbi rana kan faɗi da shida da 'yan mintuna a farkon sanyi, da damina kuma takan kai bakwai da 'yan mintuna, kuma sa'a ɗayan da ke gabanin faɗuwarta ita ce mafi kyau. Rana tsaka tana jefa inuwa a ramin ido, hula ta rufe rabin fuska, mutane su riƙa ƙanƙance ido. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana wuce digiri 40, kwalliya tana narkewa kafin a yi nisa. In dole ce, a shiga inuwar dogon yaro ko ta gini, amma a duba fuska kada hasken da ke ratsa ganye ya yi mata dabbare-dabbare.

Hazon hunturu yana tausasa haske, fuska ta yi kyau. Illarsa biyu ce: sama takan fito fari fat, launi kuma ya koma ruwan ƙasa. A rage sama a cikin hoton, a ɗauki farar takarda sau ɗaya a wurin domin daidaita launi, kuma kada a sauya gilashin kyamara a cikin iska, ƙura za ta shiga ta bar ɗigo a kowane hoto.

Wurare fa?

Bakin kogin Matan Fada a Argungu, gaɓar Neja a Yawuri, fadamar shinkafa lokacin da ta yi kore shar, ko katangar ƙasa mai jan launi, duk suna ba da baya mai kyau. Gidan tarihi na Kanta da makamantansa sai an nemi izini. A nisanci bariki da shingen jami'an tsaro. A kowane wuri ka dubi bayansu kafin ka dubi fuskarsu: falwaya ko reshe na iya tsirowa daga kan ango, leda na iya maƙale a ciyawa. Idan kogi ne, layin ruwa ya miƙe, kada kuma ya ratsa wuyansu. Gyaran hoton da ya karkace shi ma yanka ne, yana cin gefuna huɗu.

Iyaye sun ce ba taɓa juna tunda ba a ɗaura ba. Hoton zai yi kyau kuwa?

Zai yi. Malamai da yawa ba su yarda da wannan hoton ba sam, wasu gidajen kuma sun yarda da sharaɗin ba riƙe hannu ba jingina, kuma ƙanwa ko gwaggo ta yi rakiya. A tambaya tun a waya, kada a bari sai an zo a sa amarya jin kunya. Mai hoto ma ba ya taɓa ta, da baki zai ce, “Amarya, ɗan sunkuyar da haɓa,” in mayafi ne ya zame ƙawarta ta gyara.

Dabarar ita ce ka sa su yi kusa a hoto alhali da rata a ƙasa. Amarya ta zauna a kujera, ango ya tsaya bayanta ta gefe. Ko ya tsaya rabin taku a baya ta yadda kafaɗarta za ta ɗan rufe tasa a idon kyamara. Gilashin kyamara mai milimita 85 daga nesa yana taimakawa, domin yana sa na gaba da na baya su yi kamar sun matso. Idan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da gibi a tsakani, hoton zai yi faɗi, ya ƙi shiga jota, kuma ido ya riƙa faɗawa cikin gibin.

Me ya sa fuska ɗaya take fitowa garau ɗayar da dishi-dishi?

An buɗe ƙofar gilashi da yawa. Lamba f/1.8, wato ƙofar a buɗe sosai (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), tana narkar da baya, amma a kusa 'yan santimita kaɗan ne ke fitowa garau, wanda ke baya ya fita daga ciki. Ga mutum biyu a riƙe f/4, in ɗaya na gaba ɗaya na baya a kai f/5.6. A saita kyamara a kan idon wanda ya fi kusa, saurin ɗauka kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa. A waya dishi-dishin ba ya nunawa, sai an wanke babba yake fallasa, saboda haka ka zuƙo idanun biyu ka duba tun kuna wurin.

Farar shadda tana ƙonewa, in na rage haske kuma fuska ta yi duhu.

Ka ceci shaddar, domin farin da ya ƙone ba ya dawowa, zanen shaddar da aikin wuya sun tafi ke nan. Fuskar kuma a ƙara mata haske da faifan mayar da haske, ko farin kwali babba, ko filasha da aka rage mata ƙarfi. Ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta matse ba, yana ba da damar ɗago inuwa daga baya. Wajen gyara a yi hattara da hasken fata. Amaryar da aka mayar fara sol, wuya da hannu suna nan yadda suke, a kati abin ya fi fitowa fili, kuma dangin ango sun san kalarta.

Fiksel nawa ake bukata bayan an yanke?

Hoton da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ninka incin kati da 300: 4 da 6 yana son 1200 da 1800, 5 da 7 yana son 1500 da 2100, 8 da 10 yana son 2400 da 3000. Babban firam da ake kallo daga nesa 200 ta ishe shi, babban ƙyallen talla kuma ƙasa da haka ma ta yi. Ga inda ake asara: an ɗauki mutum biyu daga kai har ƙafa, sai amarya ta ce fuskokin kawai take so a babban firam. In ka yanko kwata na hoton 6000 da 4000, saura 3000 da 2000, wanda ba zai wuce inci 10 da kusan 7 ba. Hoton kusa a ɗauke shi a kusa.

WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai a filas. Wanda aka sauko da shi daga Facebook, ko aka ɗauka daga fuskar waya, bai cancanci wanki ba. Ka ajiye na asali ba yanka, kowane awo ka fitar masa da kwafinsa, ka rubuta awon a sunan fayil.

Na yanke daidai da awon kati, amma firam ya sake cin gefe.

Leɓen firam yana rufe kamar milimita 5 ko 6 a kowane gefe. Masu buga kalanda da jota kuma suna son rarar milimita 3 da wuƙa za ta datse. Kada komai mai muhimmanci, ko suna, ko ranar biki, ko yatsa, ya kusanci baki da ƙasa da santimita ɗaya. Idan hoton ya riga ya matse ba inda za a yanka, a wanke shi a 8 da 12, ko a ce wa mai wanki ya shigar da shi gaba ɗaya ya bar farin gefe. Kada a yarda ya ja shi ya cika kati, mutane za su fito a daɓare ko a zanƙale.

Me ya sa kati ya fi allo duhu?

Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta. A rage hasken allon kwamfuta wajen gyara, a fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, sannan a wanke gwaji ɗaya na 4 da 6 a dube shi da hasken rana kafin a ba da umarnin kalanda ɗari biyar. Injin kalanda da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai ƙarfi da shunayya sukan dushe ko su sauya, a nemi gwajin madaba'a a gani. Kati mai sheƙi yana maƙalewa a gilashin firam idan danshin damina ya shige shi, don haka a zaɓi marar sheƙi ko a sa kwalin da zai raba su.

Zan iya sa hoton a shafina don talla?

Sai da izinin su biyun, kuma a bari sai bayan ɗaurin aure. Wani bikin akan ɗage shi, wani ya fasu, hoton yarinyar kuma yana ta yawo a wayoyin gari. A yi maganar tun ranar biyan kafin alƙalami, a haɗa da yawan hotunan da za a gyara da kuma ko za a ba su na asali.